Garin Neman Gira: Tarihin Allurar Ɗage Fuska



Abin da ya sa na ɗauki biro a wannan karon, wani al'amari ne da ya faru a zuri'armu nan Kurfi, wanda har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Ina da wata yaya, ɗiyar kawuna ce, amma ɗaki guda muka tashi a hannun kakarmu. Shekarunta 43, haihuwarta 7, kuma tun da aka kai ta ɗakinta ba wanda ya taɓa jin kansu ita da maigidanta. To bayan Babbar Sallar 2024 sai ya kira ta ya shaida mata zai ƙara aure, yarinya ce 'yar Dutsin-Ma, sa'ar ɗiyarta ta fari.

Ranar da ta zo mani da maganar na zaci kuka za ta yi, har na fara haɗa kalaman ban haƙuri. Ai kuwa ko ɗigon hawaye. Madubina ta ɗauko ta zauna bakin gado, ta sa yatsu ta ja kumatunta sama wajen kunnuwa.

"Ke dube ni nan. Haka nike da, ko kin manta?" Sai ta saki, kumatun suka koma inda suke. "Yanzu kuwa dubi. Da wace fuskar zan zauna kusa da yarinyar nan ranar buɗar kai?"

Na ce, "Haba Yaya, mi ya samu fuskar taki? Wallahi ko ni da nike ƙanwarki..."

"Rufe mani baki, daɗin bakin marubuta za ki yi mani." Ta miƙo mani wayarta. Talla ce ta wata mata a wani babban birni, wai allura take yi a fuska, cikin minti goma kumatu su ɗage, tamoji ya ɓace, mace ta koma 'yar ashirin. Sunan allurar Botox.

Ban ɗauki abin da gaske ba, laifina ke nan. Ashe Yaya ta kwashi adashinta, ta sayar da tumakinta biyu, ta ce wa maigidan za ta sayen kayan faɗar kishiya. A cikin ɗakin matar aka yi mata allurar, a goshi da gefen ido da ƙasan haɓa, ba likita ba takarda. Kwana biyar da dawowarta fatar idonta na hagu ta sauko ta rufe rabin idon, leɓenta na ƙasa ya karkace, in ta sha ruwa sai ya riƙa zubowa ta gefen baki. Nan take gari ya ɗauka. Wasu suka ce jifa ne daga gidan amarya, wasu suka ce iska ta buge ta, wasu kuma suka ce kishi ne ya taɓa ta har ɓarin jikinta zai shanye. Ni kaɗai ta gaya wa gaskiya, ni kuma na matsa mata muka tafi Katsina wajen wata likita da na sani.

Likitar ta fara tambayarta ko tana haɗiye abinci lafiya, ko numfashinta na fita daidai. Da ta tabbatar da haka sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Hajiya, ki gode wa Allah. Abin da aka zuba maki guba ce, awo ne kawai ya mai da ta magani. Ba a zuƙe ta in ta shiga, sai dai a jira ta gama aikinta."

Wannan kalmar ta awo ita ta tsaya mani a rai, ita ta sa na bi sawun allurar nan har inda ta faro. Ga abin da na samo maku.

GUBAR DA KE CIKIN HANJI

Labarin ya faro ne a kudancin ƙasar Jamus, a wani yanki da ake kira Wurttemberg, sama da shekara 200 da suka wuce. Mutanen wurin suna da wani abinci, a niƙa nama a haɗa da jini da kitse, a ɗura cikin hanji ko tumbin dabba, a kyafe a ajiye don lokacin sanyi. A shekarar 1793, a wani gari mai suna Wildbad, mutum 13 suka ci irin wannan naman, 6 daga cikinsu suka mutu. Da yaƙe-yaƙen Napoleon suka talauta ƙauyuka, tsabtar yanka da kyafi ta ragu, sai mace-macen suka ƙaru.

Abin mamaki shi ne yadda cutar ke kama mutum. Babu zazzaɓi, hankalinsa kuma ras yake. Da fari ganinsa zai dishe, ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, murya ta shaƙe, haɗiya ta gagara. Daga nan kasala ta gangara hannuwa da ƙirji, har numfashi ya tsaya, alhali yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. 'Yar uwa ki lura da saukowar fatar idon nan, domin ita ce na gani a fuskar Yaya.

Wani likitan gunduma mai suna Justinus Kerner, wanda kuma mawaƙi ne, shi ya zauna ya bi cutar filla-filla. Ya fara rubutu a kanta a 1817, sannan a 1822 ya fitar da littafi bayan ya nazarci labarin majiyyata 155. Har a kan harshensa ya ɗiga ruwan ruɓaɓɓen naman don ya ji yadda yake yi, maƙoshinsa kuwa ya bushe ƙamas. Ya gane cewa gubar tana yanke saƙon da jijiya ke kai wa tsoka ne, ba ta taɓa tunani ko ji. Sai kuma ya kawo wata shawara: tun da tana sa tsoka ta saki, to ɗan mitsitsi daga cikinta zai iya zama magani ga masu ciwon da tsokarsu ke motsi ba da sonsu ba. Sai da aka yi sama da shekara 150 kafin wani ya gwada shawararsa a kan ɗan Adam. Da harshen Latin, ana kiran wannan naman hanji botulus, daga nan sunan cutar da na allurar duk suka samo asali.

DAGA GIDAN MAKOKI ZUWA GIDAJENMU

Kerner ya mutu bai san abin da ke haifar da gubar ba. Sai a watan Disamba na 1895, a ƙauyen Ellezelles na ƙasar Beljiyam, wasu makaɗa 34 suka yi kiɗa wajen jana'iza irin ta al'adarsu, aka kawo masu naman alade mai gishiri suka ci. Da yawansu suka kwanta, 3 suka mutu. Aka aika da sauran naman ga wani malamin jami'ar Ghent, Emile van Ermengem, shi ne ya gano ƙwayar cutar, wadda a yau ake kira Clostridium botulinum.

Kada ki ce wannan ai abin Turai ne. Ƙwayar nan tana cikin ƙasa da laka ko'ina a duniya, har da ƙasar da muke takawa. A kwance take kamar iri a rumbu, ba ta cutar da kowa, sai ta samu wuri mai laima wanda iska ba ta shiga, tsami da gishiri ba su yi yawa ba, sannan ta farka ta fara zubar da guba. Mu da ke kiwo mun sha ganin kaza ko agwagwa ta tsattsagi tsutsar mushe, washegari a tarar wuyanta ya saki ta kasa ɗaga kai. Cikin abubuwan da ke jawo haka har da wannan gubar. Haka shanun da ke tauna tsohon ƙashi a daji lokacin rani, wani likitan dabbobi mai suna Arnold Theiler ya gano tun 1919 a Afirka ta Kudu cewa ita ce ke durƙusar da su.

Mutane ma ba su tsira ba. A watan Afrilu na 1991 a birnin Alƙahira, mutum 91 aka kwantar a asibiti bayan sun ci wani kifi mai gishiri da ake ajiyewa da hanjinsa, 18 suka rasu. A nan gida Nijeriya, a watan Janairu na 2018, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ba da sanarwar wasu iyali a Abuja da ake zargin ita ce ta kama su, mutum 2 suka rasu. Shi ya sa uwargida, duk gwangwanin tumatir ko na kifi da kika ga ya kumbura, kada ki ɗanɗana, ki jefar. Zafin wuta yana kashe gubar in abinci ya tafasa sosai kamar minti 10. Haka kuma likitoci tun 1976 suka gane cewa hanjin jariri bai yi ƙwarin da zai hana ƙwayar tsirowa ba, don haka suke cewa a dakata da ba shi zuma sai ya cika shekara guda.

YADDA MAKAMI YA KOMA MAGANI

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta ji tsoron kada Jamusawa su yi makami da wannan guba, sai ta tara masana a sansanin soja na Detrick da ke jihar Maryland su yi bincike. A can ne a 1946 aka tace ta tsantsa. Masana sun ƙiyasta cewa giram ɗaya tak, in an watsa shi yadda ya kai ga kowa, zai iya hallaka sama da mutum miliyan guda, kuma har yau ba a san wata guba da ta fi ta ƙarfi ba. A 1949 kuma wasu masana a Ingila suka tabbatar da abin da Kerner ya hango: akwai wani sinadari da bakin jijiya ke fesa wa tsoka, shi ne umarnin "motsa", to gubar tana toshe fitarsa ne. Tsokar tana nan lafiyarta lau, saƙo ne ba ya isowa.

Wanda ya fara mai da ita magani wani likitan ido ne a birnin San Francisco mai suna Alan Scott. Damuwarsa masu harara-garke ne, waɗanda wata tsokar idonsu ta fi 'yar uwarta ƙarfi tana janye ƙwayar idon gefe. Ya ce maimakon fiɗa, me zai hana a raunana mai ƙarfin na ɗan lokaci? Ya gwada a kan birai ya buga sakamakon a 1973, sannan a ƙarshen shekarun 1970 ya fara yi wa mutane. Gubar da yake aiki da ita wani masani ne mai suna Edward Schantz, wanda ya yi aiki a wancan sansanin sojan, yake tace masa. Don ki san ƙanƙantar abin da ake bukata, ɗan abin da Schantz ya haɗa a 1979, wanda bai kai rubu'in giram ba, shi aka yi ta yi wa majiyyatan Amurka allura da shi har zuwa 1997.

A watan Disamba na 1989 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin don harara-garke da kuma ciwon da ke sa fatar ido ta riƙa damƙewa da kanta. Scott ya sa masa suna Oculinum. A 1991 kamfanin Allergan ya saye shi, shi ya raɗa masa Botox. Kin ga dai tun daga likitan Jamus har zuwa Scott, magani ake nema, ba kwalliya ba. Har yanzu ma babban alherin maganin yana wajen marasa lafiya: masu wuyan da ya murɗe, masu hannun da ya ƙage bayan shanyewar ɓarin jiki, yaran da ƙafarsu ta sandare, masu zufar hammata da ta wuce kima, da masu ciwon ɓarin kai mai naci, wanda aka amince da shi a 2010.

RANAR DA TA SHIGA ADO

Kwalliya da katari ta shigo. A 1987, a birnin Vancouver na ƙasar Kanada, wata likitar ido mai suna Jean Carruthers tana yi wa wata mata allurar saboda damƙewar fatar ido, sai matar ta yi ƙorafin ba a yi mata a tsakanin gira ba wannan karon, domin duk sanda aka yi mata a wurin fuskarta kan saki, layin ɗaure fuska ya ɓace. Mijin likitar, Alastair Carruthers, likitan fata ne. Su biyun suka fara gwaji, suka buga abin da suka gani a 1992. Da fari mutane gudu suke, kowa na cewa wa zai yarda a zuba masa guba a goshi? Amma a watan Afrilu na 2002 Amurka ta amince da ita don layukan tsakanin gira, a 2013 don na gefen ido, a 2017 don na goshi. Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta duniya ta ƙidaya sama da allura miliyan 8 a shekarar 2023 kaɗai.

Yadda ake yin ta a hannun masani, maganin gari ne ɗan kaɗan a ƙasan kwalba, ana ajiye shi a firji, a dama da ruwan gishirin asibiti. Na tsakanin gira, awo 20 ake rabawa wuri 5, kowane a cikin tsokar da aka nufa. Ba ya nunawa nan take, sai bayan kwana 3 zuwa 5, ya kammala a mako 2. Bayan wata 3 zuwa 4 jijiyar ta warware, fuska ta koma yadda take, sai a sake biya. Wato haya ce ake kamawa, wadda kuɗinta ba ya ƙarewa.

SHIN TANA ƊAGE FUSKAR KUWA?

Nan ne inda aka cuci Yaya, tun kafin allura ta taɓa fatarta. Tamoji iri biyu ne. Akwai wanda motsin tsoka ke kawowa, kamar in kin haɗe rai ko kin ɗaga gira, shi ne allurar ke lafar da shi. Amma zubowar kumatu daban take. Da shekaru suka ja, wani sinadari mai suna kolajin da ke riƙe fata yana raguwa, har an ƙiyasta mace kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 nasa a shekara 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada. Kitsen kumatu yana narkewa ya gangaro, ƙashin fuska kansa yana ja baya, haƙora in sun zube su ƙara. To maganin da aikinsa sakar da tsoka ne, ta yaya zai cike kitsen da ya tafi, ko ya tattare fatar da ta yi yawa?

Iyakar abin da yake iyawa shi ne wata 'yar dabara. A fuska akwai tsokoki masu ja sama da masu ja ƙasa, in aka raunana masu ja ƙasa, sai gira ko gefen baki ya ɗan ɗaga kaɗan, abin da bai wuce 'yan milimita ba. Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta taso daga ƙirji ta rufe wuya har muƙamuƙi, ita ma in aka yi mata, layin haɓa kan ɗan fito ga wadda fatarta ba ta riga ta saki ba. A 2007 wani likita a ƙasar Suwizalan mai suna Phillip Levy ya sa wa wannan salon sunan Nefertiti, a 2024 kuma Amurka ta amince da allurar don igiyoyin da ke fitowa a wuya. Wuri ne mai haɗari, domin kusa da shi akwai tsokar leɓe da ta haɗiya. In hannu ya kauce kaɗan, sai baki ya karkace kamar na Yaya.

Ita Nefertiti matar Fir'auna Akhenaten ce, ta rayu a Masar sama da shekara 3,300 da suka wuce. A 1912 aka tono sassaƙen kanta a Amarna, yanzu yana birnin Berlin, duniya na zuwa kallon dogon wuyanta da santsin kumatunta. To a 2009 wasu likitoci a Jamus da suka haska shi da na'ura suka ba da rahoton cewa a ƙarƙashin shafen farar ƙasar akwai wata fuskar ta dutse, mai layuka a gefen baki da kumatu. Ashe ita ma wadda ake sayar mana da allura da sunanta, sai da masassaƙi ya shafe mata nata.

IDAN AWO YA ƁACE

Duk lokacin da maganin nan ya fita daga hannun masu awo, komawa yake yi gubarsa ta asali. A 2004 a jihar Florida ta Amurka, mutum 4 suka kwanta a kan na'urar numfashi bayan an yi masu allura da wadda aka haɗa don bincike, ba don jikin mutum ba. A 2009 hukumar ƙasar ta tilasta a rubuta gargaɗi a kwalinsa cewa yana iya yaɗuwa daga inda aka yi shi ya taɓa haɗiya da numfashi. A 2024 jabunsa ya kwantar da mata a jihohi da dama na Amurka, a 2025 kuma kusan mutum 40 suka kamu a Ingila, galibi a hannun waɗanda suka yi masu da maganin da ba shi da rajista. To in ƙasashen da ke da tsauraran dokoki haka ta same su, ina ga mu, da wutar lantarkin da za ta riƙe firji ma sai an yi sa'a? Kuma in numfashin mace ya fara sarƙewa da tsakar dare a Kurfi, kafin a samu mota a kai ta inda na'ura take fa?

Mu matan Hausa ba baƙin ado ba ne. Kakanninmu sun yi kwalli da lalle, sun yi katambiri da shuni, sun ci goro da fure, daga baya dilka ta zo mana daga gabas. Duk waɗannan a kan fata suke, in ba su yi ba a wanke ko a jira su goge. Sai man canza launi ya shigo ya fara cin fatar kanta, har hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta ayyana shi a 2023 a matsayin babbar barazana ga lafiyar 'yan ƙasa. Abin takaici, baƙar fatarmu ta fi ta Turawa jure rana, ta fi ta jinkirin yamushewa, amma mace ta sa kuɗinta ta kankare wannan garkuwar, fatar ta yi siriri ta saki da wuri, sannan ta koma neman allurar ɗagewa. Da yawanmu ba mu ma san ana taɓa jiki don ado ba sai a watan Oktoba na 2005, da labari ya zo cewa Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa a lokacin, ta rasu a Sifen bayan tiyatar gyaran jiki. Yau kuwa akwai asibitocin fata a Legas da Abuja da ke yin allurar, tallar 'yan ɗaki kuma ta cika Instagram da TikTok, ta biyo mu har kan gadajenmu.

Hukuncin yin ta don ado na malamai ne, wadda abin ya dama ta tambaye su. Nawa dai shi ne, duk wadda ta ce sai ta yi, ta tabbata likita ne mai lasisi, a asibiti, ta ga kwalbar da idonta da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon raunin tsoka su nisance ta. In aka ce maki an rage kuɗi rabi, ki tuna araha ba ta ado. In kuwa bayan an yi kika ji haɗiya ko magana ko numfashi ya canza, ko da bayan mako ne, kada ki tsaya turare da tofi kaɗai, ki ruga asibiti, kuma ki faɗi gaskiyar abin da aka yi maki.

Yaya dai da baƙin tabarau ta yi bikin nan, mayafi rufe da baki. Sai da ta yi mako 6 kafin idon ya buɗe, bakin kuwa ya haura wata 2. Kumatun da ta sayar da tumaki dominsu suna nan inda ta bar su. Kuma auren da ta so tarewa da fuskarta an ɗaura shi ranar da aka sa, domin dama ba kumatunta ne suka kawo shi ba.

Rannan muna zaune tana tsefe wa autarta kai, sai ta ce mani, "Kin san mi ya fi ba ni haushi? Wata biyun nan yarinyar nan in ta yi mani dariya, na kasa mayar mata yadda ya kamata. Har ta tambaye ni ko fushi nike da ita."

Na yi shiru, domin ni ma ina da nawa kason laifin. Littafi nawa na rubuta, kuma a kowanne tauraruwar 'yar sha takwas ce mai fuska sumul kamar ƙwai, uwargida kuwa in ta fito sai na ce yamutsattsiya mai zubabben kumatu. Yaya ta karance su duka, ni nake kai mata kyauta. Na tuna fuskar kakarmu, tsagar gado ga ta nan, tamoji ya kewaye ta, amma in ta yi murmushi duk gidan sai ya ɗauka, kuma ba a yanke wata shawara a zuri'armu sai an zo gabanta. Da tsohuwar zuma ake magani, mun sha faɗa da baki, saura mu yarda da shi a gaban madubi.

'Yar uwa, fuskarki da ita kike yi wa ɗanki dariya, da ita kike haɗe wa mai raini rai, da bakin nan kike ci kike sha kike salati. Kafin ki miƙa ta ga mai allura, ki tambayi abin da ke cikin kwalbar da kuma wanda ya auna shi, kada garin neman gira a rasa ido.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya a ɗakunanmu, Ya sa mu tsufa cikin mutunci. Amin.